Ƙananan Kifin da Na Mayar Ruwa

Ranar Asabar da ta wuce, a ƙofar shagon ƙanena a unguwar Morrisania, na ji ɗayanku, ku samarin da ke zama a wurin, yana cewa ai Baba Shu'aibu ya huta, aikinsa yawo a bakin teku, ya jiƙa ƙafa, ya kama ɗan kifi ya sake shi, wata ya ƙare a biya shi. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. Ban ji haushi ba, don daga nesa haka abin yake. To, tunda har mutum biyu a cikinku sun ce in nema musu gurbi idan zafi ya shigo, gara ku ji yadda aikin yake tun kafin ku sa ƙafa a laka. Zan faɗa muku har da abin da ban cika son faɗa ba.

Ni mutumin Yauri ne, ɗan Sarkawa. Kakana masunci, ubana masunci, a cikin kwalekwale na yi wayo. Da na zo garin nan na ƙasar Turawa, tasi na fara tuƙawa. Wata rana na ɗauki wata tsohuwa da bokitai biyu da wani ƙunshin taru a yage. Motarta ce ta lalace. Tun kafin ta rufe ƙofa warin laka ya cika motar, irin warin da na yi shekaru ban shaƙa ba. Na dubi tarun ta madubi na ce mata wanda ya yi mata wannan ɗinkin bai iya ba, ƙullin zai zame. Ta ce, "Kai ka iya?" Na ce da shi aka yaye ni. Sunanta Madam Gloriya, ita ce shugabar masu fita ruwa a ɗakin binciken kifi na wata jami'a. Bayan mako biyu na ajiye makullin tasi, na kama aiki da ita.

Aikinmu shi ne mu san abin da ke rayuwa a gaɓar ruwan garin nan. Mu ja taru, mu ga abin da ya shiga, mu ƙirga, mu auna, mu rubuta, mu mayar da shi ruwa da ransa. Tarun yana da sanda a kowane gefe, ƙwallayen da ke tashi a sama, dalma a ƙasa, da jaka a tsakiya inda kifi ke taruwa. Akwai wandon roba mai haɗe da takalmi da ke zuwa har ƙirji. Akwai allon awo mai rula a jikinsa, da 'yar na'urar da ake tsomawa ta faɗi yawan gishirin ruwa da ɗuminsa. Akwai takardar da ruwa ba ya ɓata ta, da fensir, don biro ba ya rubutu a jiƙe. Sai kwalabe masu ruwan magani da ke hana kifi ruɓewa, na ajiye abin da ba a gane ba.

Ranar farko teku ta koya mini abin da kogi bai koya mini ba. A Yauri ruwa yakan cika sau ɗaya a shekara, kana kallonsa yana tahowa a hankali. Nan kuwa sau biyu yake cika ya janye a kowace rana. Na shiga laka har gwiwa ina gyara dalma, ban kula ba, sai na ji ruwa a cinyata. Na ja ƙafa, ta ƙi fitowa. Madam Gloriya ta tsaya a tudu tana kallona, sai da ruwa ya kai mini ƙugu sannan ta jefo mini allon awo, ta ce in kwanta a kansa in zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Da na fito ta miƙo mini takardar da ke nuna lokutan cika da janyewa, ta ce daga yau ita zan fara dubawa kafin in sha shayi. Har gobe tana manne a jikin firjinmu.

Wata safiya a watan Yuni, a wani rairayi a gaɓar da ake kira Jamaica Bay, na fara haɗuwa da kifin da zan ba ku labarinsa. Muna jawo taru zuwa gaɓa sai na ga wasu abubuwa kamar koren kara suna tsallake igiyar sama suna komawa ruwa. Ɗaya ya maƙale, na cafke shi a tsakiya kamar yadda ake cafke tarwaɗa. Ya juyo ya dasa mini haƙora a babban yatsa, huda a jere kamar an bi da keken ɗinki. Turawa needlefish suke ce masa, wato kifin allura, ni ma haka nake kiransa tunda ba mu da shi a kogi. Siriri ne, tsawonsa kamu ɗaya, wani ya fi. Bakinsa dogo kamar almakashi, muƙamuƙin sama da na ƙasa duk sun miƙe, cike da ƙananan haƙora.

Shekara tara na yi ina koyonsa. A saman ruwa yake zama, dab da iska, ba ya son zurfi. Bayansa kore-kore ne, tsuntsu daga sama ba ya rabe shi da ruwa. Cikinsa fari ne kamar azurfa, babban kifi daga ƙasa ba ya rabe shi da haske. Yakan yi lamo kamar itacen da ruwa ya kwaso, sai garken ƙananan kifi sun zo kusa, ya kai sara ta gefe, ya riƙe ɗaya a gicciye, ya jujjuya shi har kai ya fuskanci maƙogwaro, sannan ya haɗiye. In ka fede shi ba za ka ga tumbi ba, hanji ne kawai ya miƙe. Yakan iso idan ruwa ya fara ɗumi, ya ɓace idan sanyi ya kawo kai. Gishiri bai dame shi ba: yana cikin teku, yana kuma haurawa kogi har inda ruwa ya zama na sha. Haske yana ruɗa shi, yakan yi tsalle ya nufi fitila kamar kibiya, shi ya sa ba a haska ruwa da fuska kusa. Wani da ya mutu mana a taru na taɓa kai wa matata ta soya. Da ta ɓare ta ga ƙayarsa koriya shar, ta ture kwanon ta ce ba da ita ba, guba ce. Na ce halittarsa ce haka, na cinye a gabanta. Kwana biyu tana duba idona.

Kama shi da rai sai wanda ya iya. Idan taru ya kusa gaɓa dole ka ɗaga igiyar sama, in ba haka ba duk su tsallake. Haƙoransa suna sarƙewa a raga, sai ka jiƙa hannu, ka riƙe shi ta bayan kai, ka zare zaren ɗaya-ɗaya, don in ka fizga muƙamuƙin ya karye, ka sake shi ke nan ya je ya mutu da yunwa. Ba ya jure iska, shi ake fara aunawa kafin kowa. Duk wannan kana tsugune a laka, ƙudan bakin ruwa na cin wuyanka, teku na tahowa.

Masu jiran aikinmu kuwa ba sa shiga ruwa. Farfesoshi ne, da ɗaliban da ke neman babban digiri, da malaman makaranta masu son kifi mai rai su nuna wa yara, da ma'aikatan gari masu son sanin ko ruwa ya gyaru. Abin da fensirinka ya rubuta shi ne gaskiyarsu. Kifin ya riga ya koma ruwa, ba mai kiransa ya ba da shaida. Shi ya sa Madam Gloriya take cewa in ba ka sani ba, ka rubuta ba ka sani ba, ka sa ɗaya a kwalba. Amma akwai abin da ban lura da shi ba duk tsawon shekarun nan: ƙananan kifi, masu tsawon ashana, ita kaɗai take tantance su da tabarau da gilashin ƙara girma. Ni ina ja, ina ɗinki, ina auna manya. Da ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta, aka damƙa mini makullin mota da na ɗakin ajiyarmu a unguwar Stapleton, na ɗauka na gama sanin ruwa.

A shekarar ce wata ɗaliba mai suna Sa'adatu ta zo. A Kano aka haife ta, a unguwar Tremont ta garin nan ta girma. Mahaifinta, Alhaji Kabiru, yana aiki a sashen magani na wani asibiti, masallaci ɗaya muke Juma'a. Da ya ji inda 'yarsa za ta yi bincike, ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam Shu'aibu, Allah ne ya haɗa. Ga 'yarka nan, amana." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Bincikenta a kan kifin allura ne. An san mace tana zuba ƙwai masu ɗan zare-zare a jiki, su maƙale a ciyawar ruwa har su ƙyanƙyashe. Ita tana zaton ƙananan ba a buɗaɗɗen rairayi suke girma ba, a 'yan rafukan da ke kutsawa cikin ciyawar gaɓa suke, inda ruwan gishiri ke gauraya da na sha. Aka ba ta wurare uku. Biyu rairayi ne, tana zuwa da wasu. Na ukun wani ɗan rafi ne a bayan tsibirin Staten Island mai laka da doguwar ciyawa, shi ne ginshiƙin zatonta, shi aka ba ni in riƙa ja kowane mako. Ban taɓa aiki a irin wurin ba.

Fitarmu ta farko zuwa rafin ta biyo mu, ita da wasu ɗalibai biyu Turawa. A jan taru na biyu sai ga wasu 'yan sirara kamar tsinken tsintsiya, ba su kai yatsa ba. Muƙamuƙin ƙasa dogo, na sama ɗan guntu. Na san wani kifi mai irin wannan baki, mai rabin baki muke ce masa, yakan shigo mana taru a rairayi idan zafi ya yi nisa. Na ce a rubuta mai rabin baki, goma sha ɗaya.

Sa'adatu ta tsuguna ta leƙa bokitin. Ta ce, "Baba, anya? Na karanta cewa kifin allura yana ƙarami haka bakinsa yake. Na ƙasa ke fara tsiro, na sama ya biyo daga baya."

Da Hausa ta faɗa, a hankali, don kada sauran su ji. Ni kuwa da Turanci na ba ta amsa, da ƙarfi. Na ce tun ba a haife ta ba nake cikin ruwa. Na ce kifin allura ya cije ni ya fi sau ɗari, na san bakinsa ko cikin barci. Na ce kifi ba ya karanta littafi. Ɗaliban suka yi dariya. Ta miƙe ta goge hannu a wandonta.

"To Baba, ko a sa ɗaya a kwalba?"

Na ce takardar izininmu ta ce a rage kisa, ba zan kashe abin da na sani ba. Na juye bokitin a rafi.

Bayan mako biyu ta aiko mini da saƙo a waya, cikin ladabi, ta ce don Allah in na sake kama su in ɗauki hoto. Ranar na ja a bakin rafin, inda yake haɗuwa da teku, na zaɓi wanda ya fi girma a bokitin don hoto ya fito sosai. Allah shi ne shaidata, ban yi da nufin yaudara ba. Amma wanda na zaɓa mai rabin baki ne na gaske, ya shigo daga teku ya gauraya da su: jan ɗigo a ƙarshen bakinsa, ɓawonsa manya, wutsiya a rabe kamar ta tsattsewa. Sauran ba su da jan ɗigo, wutsiyarsu kuma kusan a yanke take. Da na duba da na gani. Ban duba ba.

Washegari ta zo har ɗakin ajiya ina ɗinkin taru. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta rusuna. Ta ce, "Baba, na ga hoton. Kai ke da gaskiya. Ka yafe ni, na yi maka musu a gaban mutane." Na ce ba komai, yaro ai da tambaya yake girma. Har na ba ta lemo.

Daga nan kowane mako fensirina yana rubuta abu ɗaya: mai rabin baki kaza, ƙananan kifin allura babu.

A tsakiyar Yuli wata malamar makaranta ta nemi kifi masu rai. Na ce bari in ajiye mata waɗannan 'yan sirara, in sun girma kuma in nuna wa Sa'adatu, a rufe magana. Na ɗebo shida na zuba a tanki mai zagaye, don irin waɗannan in ka sa su a mai kusurwa sukan doki bango su karya baki. Na rufe da raga, na rage haske, ina ba su ƙananan ƙwarin ruwa safe da yamma. Biyu suka mutu a makon farko. Huɗu suka rayu.

A mako na uku na zo ba su abinci, na ga kamar bakin sama ya ƙaru. Na ce idona ne. Na ɗauko gilashin da Madam Gloriya ta bari a aljihun tebur, wanda ban taɓa taɓawa ba. Muƙamuƙin sama ya kai rabin na ƙasa, haƙora sun fara jeruwa. Na jefa musu ɗan ƙaramin kifi mai rai. Ɗaya ya kai sara ta gefe, ya riƙe shi a gicciye, ya jujjuya, ya haɗiye ta kai. Na kifa bokiti na zauna a kai. Har lokacin janyewar ruwa ya wuce ban tashi ba, ranar ba mu fita ba, na ce mota ce ta ƙi tashi.

Ku saurara da kyau, don nan ne laifin yake. Kuskure kowa yana yi. Da a ranar na ɗauki waya na kira ta, da sauran makonni a gaba, da ta zo ta kama ƙananan da hannunta, ta ɗauki hoton na tanki, ta ceto shekararta. Abin da na yi shi ne, da safe na zuba huɗun nan a bokiti, na tuƙa har rafin, na sake su. Na wanke tankin na kife. Na ce wa malamar makarantar kifin sun mutu. Makonnin da suka rage kuwa ƙananan sun girma sun fice, abin da na riƙa kamawa kifin allura ne da bakinsa cikakke, na rubuta su daidai, kamar daga teku suka shigo.

A watan Oktoba ta tsaya gaban farfesanta da sauran malamai ta faɗi abin da aka samu. Ina zaune a kujerar baya. Ta nuna rafin a bango, ta ce duk lokacin zafi ba a samu ƙaramin kifin allura ko ɗaya a cikinsa ba. Farfesa ya ce to zatonta bai tsaya ba, a cire rafin daga aikin baɗi, ita kuma ta nemi wata tambayar ta fara daga tushe. Wani malami ya tambaya ko an tabbata da tantancewar. Ta ce, "Wanda ya fi kowa sanin ruwa a nan shi ya yi, na kuma ga hoto." Duk suka waigo suka dube ni, farfesa ya ɗaga mini kai. Ni ma na ɗaga masa.

Juma'a uku ban je masallacin Tremont ba, na riƙa tsayawa a wani na kusa da gida. Ta huɗu matata ta ce me ya haɗa ni da mutanen can, sai na tafi. Ana sallamewa Alhaji Kabiru ya tare ni wajen takalma. Ya ce, "Malam, ina ka shiga? Yarinyar nan ta rame, ba ta cin abinci, ta ce aikin shekara ya tashi a banza. Na ce mata ta gode wa Allah da ya haɗa ta da mai faɗa mata gaskiya tun da wuri. Allah ya saka maka." Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana addu'a. Mutane na wucewa suna cewa amin. Na sa takalmin wani na yi taku goma kafin in gane ba nawa ba ne.

Litinin da safe na same ta a ɗakin bincike tana wanke kwalabe. Na ce, "Sa'adatu, ina da magana." Ta kashe famfo. Na faɗa mata duka, daga tanki har bokiti har malamar makaranta. Ban zauna ba, ita ma ba ta zauna ba.

Ta ce, "Yaushe ka gani?"

Na ce farkon Agusta.

Ta ƙirga da yatsu a gefen kwanon wanki. Ta ce, "Wato ranar da na tsaya gabansu ka sani."

Na ce na sani.

"Da na zo na ba ka haƙuri fa?"

Na ce lokacin ban sani ba tukuna. Ta gyaɗa kai, kamar wannan ɗin ma wani abu ne da za ta rubuta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Takardun nan suna hannun mutane, wani zai ɗauka ya yi aiki da su." Na ce ta zaɓi rana. Ta ce yau.

Da azahar na tsaya a gaban farfesa da ɗaliban nan biyu da suka yi dariya a rafi, na maimaita da Turancina na direban tasi. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce da wani ne da yau ya bar aiki, amma babu wanda ya kama ni, ni na kawo kaina. Aka karɓi makullin mota da na ɗakin ajiya aka ba wata da na koya wa jan taru. Aka ja layi a kan duk abin da na rubuta na rafin. Aka ce duk wani kifi da bai kai yatsa ba, ba zan ƙara sa masa suna ni kaɗai ba. Duk hunturun nan a ɗakin bincike na yi shi, ina zaune gaban gilashi da tsoffin kwalaben Madam Gloriya, ina koyon abin da ya kamata in roƙe ta ta koya mini tun tana nan. Ina da shekara hamsin da wani abu, ɗalibai na gyara mini.

Da zafi ya dawo Sa'adatu ta shiga rafin da kanta, kowane mako, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ita ke riƙe da fensir, ni ina riƙe da sandar taru ta ɓangaren zurfi. A ƙarshen Mayu ta ɗago wani curin ciyawar ruwa ta ga ƙwai a maƙale da zarensu, kamar 'yan duwatsun ado. Bayan makonni ƙananan suka fito, da guntun bakinsu na sama, a daidai inda na juye bokitin bara. Ta ɗauki hoto, ta auna, ta sa biyu a kwalba. Ba ta dube ni ba, sai dai ta ce, "Baba, ɗaga igiya, za su tsallake." Zatonta ya tsaya. Amma abokan karatunta sun gama sun tafi, ita sai da ta ƙara shekara guda cur, shekarar da na ci mata.

Shekara biyu bayan nan aka mayar mini da makulli. Har yau kwalba ba ta rabuwa da aljihun wandona na roba. Wanda duk ya biyo ni ruwa a cikinku, ya sani zan tambaye shi sunan kifi, in ya ce bai sani ba zan fi jin daɗi da ya cafko suna daga iska. In kuma ya gyara mini, ya gyara da ƙarfi, kowa ya ji.

Da Sa'adatu ta gama karatu, Alhaji Kabiru ya yi walima a gidansa a Tremont, bayan la'asar. Falo ya cika, 'yan Kano da 'yan Nijar da mutanen Zango na Gana, ana ta cin shinkafa da waina. Na nemi lungu na zauna. Can sai Alhaji ya tashi ya ce a yi shiru. Ya yi godiya ga Allah, ya yi wa malamanta godiya, sannan ya kira sunana. Ya ce wannan bawan Allah shi ya riƙe masa amana, shi ya shiga laka da 'yarsa shekara da shekaru. Ya miƙo mini wani ƙunshi, babbar riga ce ta shadda da aiki a wuya, ya ce daga Kano ya sa aka ɗinko. Nan na gane ba ta taɓa gaya masa ba. Na dube ta, tana tsaye tana zuba wa wata tsohuwa zoɓo, ba ta ɗago ba.

Da zan fita na tsaya a bakin ƙofa ina jiran Alhaji ya rako baƙi in ja shi gefe. Sai ga ta da ledar abinci ta kawo wa matata. Ta ga yadda nake riƙe da ƙunshin. Ta ce a hankali, "Baba, bar shi. Ka riga ka faɗa a inda ya kamata. Kada ka ɓata masa ranar nan."

Na ce, "To rigar fa?"

Ta ce, "Taka ce. Shi ya ba ka."

Tana nan a ƙasan akwatina, cikin ledarta, ko ninkin ban warware ba. Sallah ta zo ta wuce sau huɗu, kowace shekara matata sai ta fito da ita ta ɗora a kan gado, ni kuma in mayar.